Iska Na Wahalar da Mai Kayan Ƙarfe

Kowace unguwa tana da mutum guda da ya fi kowa sani, a layinmu na Kudenda kuwa ni ne. Ba zaɓe aka yi ba. Ni na naɗa kaina, da na ga ba wanda ya fito takara sai na ɗauka an amince. Malamin makaranta ne ni, labarin ƙasa nake koyarwa, ina da tabarau, ina da babbar waya, sannan Allah ya yi mini wata baiwa da bai yi wa kowa ba: in na karanta abu da daddare, kafin a kira assalatu na zama gwani a kansa. Da wannan baiwar na taɓa gyara wa surukina rediyonsa mai shaƙewar murya. Har yau bai sake shaƙewa ba, don bai sake magana ba.

Ga wanda bai san Kudenda ba, wuri ne na injina. Muna kudu da kogin Kaduna, ga masana'antu, ga tireloli suna nishi a titin baifas dare da rana, ga kuma ƙatuwar tashar wutar lantarki mai megawat 215 da aka ba da kwangilarta tun 2009, aka yi shekara da shekaru ana cewa an kusa, saura kaɗan, gas ake jira. Yaran da aka raɗa wa suna a shekarar da aka fara maganarta tuni muryarsu ta fashe. In aka ɗauke wuta, kowa sai ya fito da ɗan janaretonsa ya ja igiya, unguwa ta ɗauki ruri. Ni ba ni da shi. A gaban jama'a cewa nake yi aƙida ce ta hana ni saye, ni mai kishin muhalli ne. Tsakanina da kai, mai karatu, aƙidar da albashina bakinsu ɗaya a kan wannan mas'ala.

Maƙwabcina na hagu mai sayar da ƙanƙara ne, mutumin kirki, sai dai duk faɗin duniyar nan ya rasa inda zai ajiye janaretonsa sai lungun da ke tsakanin katangarsa da tagar ɗakina. Na sha tare shi da wa'azi. Na gaya masa gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta da launi ba ta da wari, ta sha kashe iyali guda a dare ɗaya, wannan kuwa gaskiya ne. Na gaya masa ƙasar Danmak fiye da rabin wutarta daga iska take samu, ba hayaƙi, ba layin gidan mai, ba jan igiya. Ya saurare ni har na kai aya, yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "Malam, ai ni ma ba son ƙarar nake yi ba. In kana da wata dabara ka kawo mu gani." Shi ya faɗa ne don ya rabu da ni. Ni kuwa na ɗauka kwangila ya ba ni.

Ana nan sai ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kowa na salati, ni ina murmushi a ɓoye, don na ga zamanin masu jan igiya ya zo ƙarshe, nawa ya kama.

Da damina ta ɗauke muka tafi Katsina ɗaurin aure a motar haya. Mun wuce Kankiya, mun wuce Charanci, muna dosar Lambar Rimi sai na hango su can a fili, dogaye, farare, kowane da fiffike biyu. Nan take na juya na buɗe wa fasinjoji aji. Na ce waɗannan su ne injinan iska 37, kowane kilowat 275, in aka haɗa megawat 10 ke nan. Na ce tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamnan Katsina aka faro tunanin, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa, kamfanin Vergnet na Faransa ya kafa su. Na ba su labarin injiniyan kamfanin, Francis Collomp, wanda 'yan bindiga suka sace a Rimi cikin Disambar 2012, aikin ya tsaya cik, shi kuma bai kuɓuta ba sai a Nuwambar 2013 da ya tsere a Zariya. Da na waiwaya neman tambaya, na kusa da ni ya yi barci har da miyau. Ban damu ba, don na riga na samo abin da ya fi tambaya. Na kasa kunne ban ji ƙarar komai ba. Gaskiya ne gilasan motar a rufe suke, direba ya ƙure kaset ɗin wa'azi, muna sheƙa gudu, injinan suna da nisa da titi, kuma ranar ko ganye ba ya motsi, fukafukan a tsaye suke. Amma na gani da idona, na saurara da kunnena, bincike ya kammala: injin iska ba ya ƙara.

Abin da ya ƙarasa ni wani fim ne da ɗalibina ya tura mini, na yaron nan ɗan Malawi, William Kamkwamba, wanda yana ɗan shekara 14, rashin kuɗin makaranta ya zaunar da shi a gida, ya haɗa injin iska da tarkacen bola da keken babansa. Wasu sun kalla sun zubar da hawaye. Ni lissafi na yi. In yaron da aka koro daga makaranta ya iya, ina ga ni da nake koro yara daga makaranta?

Sauran kuɗi. Allah da ikonsa, a watan uwargida ta kwashi adashe, tana shirin sayen keken ɗinki. Na zauna na yi mata bayani cikin natsuwa cewa rance ne, kuma in wuta ta wadata, me za ta yi da keken ƙafa, ai na lantarki za mu saya. Ta dube ni ta ce, "Baban yara, kai da ko ƙwan fitila ya mutu sai ka kira yaron maƙwabta?" Na ce wancan aikin leburori ne, wannan kuwa na masu ilimi ne. Ta miƙo kuɗin a ƙulle a ledar burodi, ta ce, "Allah ya sa mu ga alheri." Wanda ya yi aure ya san akwai addu'ar da ba addu'a ba ce.

Na nufi Tsohuwar Panteka. Duk abin da duniya ta yar, a can ake sake haifarsa: mai zubin tukwane na narka gwangwani, mai walda na feshin tartsatsi ba ko tabarau, yara na dukan langa-langa har haƙoranka su amsa. Na fito da takardar da na zana da biro mai launi uku, na shimfiɗa wa wani mai walda a kan benci. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya tambaye ni ina ne gaba. Muka sayi altaneta ta tsohuwar Fijo 504, irin motocin da aka yi ta haɗawa nan Kakuri tun 1975, na ce ko ba komai kayan gida ne. Muka haɗa da wilin keke, da fambel, da dogon bututun ƙarfe, da faffaɗan bututun roba da za a tsaga a yi fukafukai uku. Ya ce a sayi sabon boris, na ce na hannu ma ya isa, ai ba Makka za shi ba. Ya ce a auna fukafukan a kan sikeli nauyinsu ya zo ɗaya, na ce idona sikeli ne. Da ya gama walda ya ja baya yana kallon abin, ya ce, "Oga, ina birkin?" Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Wane irin birki? Mota ce?" Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kuɗinka ne."

Wutsiyar da za ta riƙa juya injin ya fuskanci iska ce muka manta. Da na dawo gida na duba ko'ina, ban ga abin da ya dace ba sai babban tiren uwargida mai zanen furanni, na kayan ɗakinta, wanda ba a sauko da shi sai an yi manyan baƙi. Tana unguwa a lokacin. Na huda shi wuri huɗu.

A cikin abin da na karanta akwai ƙa'idar da ke cewa ƙaramin injin iska ya ɗara duk wani gini ko itace da ke kewaye da shi, har tazarar mita 150, da misalin mita 9 ko 10, in ba haka ba hargitsattsiyar iska zai riƙa sha. Ni a kewaye da ni akwai mangwaro, da tankin ruwa, da benen coci. Akwai kuma gargaɗin kada a kafa shi a jikin ɗakin kwana. Na karanta duka biyun, na ga Turawa ne suka rubuta, su kuwa ba su san ɓarayin ƙarfe ba. Na manna bututun da bangon ɗakina, na ɗaure shi tamau da katakon rufi, yadda ko ɓera ya taɓa shi zan ji. Wannan burin dai ya cika.

Ranar Asabar bayan la'asar na yi bikin buɗewa. Na yi hayar benci, na sayi lemo, na sa babbar riga. Na yi jawabi. Na ce a Senegal akwai tashar Taiba Ndiaye mai injina 46 da ke ba da megawat 158, a Kenya akwai ta bakin tafkin Turkana mai injina 365 da megawat 310, a Katsina akwai 37, yau kuma ga Kudenda ta shiga sahu da guda ɗaya. Na ɗaga hannu na nuna sama. Kowa ya ɗaga kai. Shiru. Ko gashin kaza aka saki a ranar, a ƙafarka zai sauka. Muka tsaya wuya a sanƙare, lemo ya ƙare, yara suka fara jifan juna da marafan kwalba, uwargida kuwa ba fukafukan take kallo ba, wutsiyar take kallo. Da na ga mutane sun fara duba agogo sai na tura wani yaro ya hau tsani ya wulwula abin da hannu, ni kuma na sunkuya na haɗa waya. Ƙwan fitila ya kama, fau! Aka ɗau tafi. Batirin da na haɗa da injin, da safe na karɓo shi daga shagon masu cajin waya, cike yake taf, ko an ɗaure fukafukan da igiya sai ƙwan ya kama. Ban ga dalilin ɓata wa jama'a farin ciki da wannan bayani ba. Daga baya-baya wani matashi ya ƙwala, "Sai Injiniya!" Na ɗaga masa hannu cikin tawali'u.

Iskar da ta ƙi zuwa biki, sai ta zo cikin dare, ba gayyata, ranar da hunturu ya sauka. Da farko wani siririn kuka na ji, ƙiiii, ƙiiii, boris na hannu yana gaisuwa. Sai fambel ya karɓa, cakal-cakal-cakal. Sai fiffiken da ya fi 'yan'uwansa nauyi ya shigo, duk zagaye ɗaya ya girgiza bututun, gwaf, bututun ya girgiza katako, katako ya miƙa wa kwanon rufi. Ashe ganga na haɗa, kwano ne fatar, mu kuma muna kwance a cikinta. Ƙura ta riƙa zubo mana daga silin. Kwanukan uwargida suka kama rawa a kan kanta, ɗan autanmu ya tashi yana kiran sunan kakarsa da ta rasu, karnukan layi suka amsa gaba ɗaya. Na kwanta na ƙame ina munshari na ƙarya. Uwargida ta ce, "Na san idonka biyu." Na ce cikin magagin da na ƙirƙira, "Sabo ne, zai washe." Ba a jima ba aka buga ƙofa da gora. 'Yan sintiri ne, da fitilu da kwari da baka, sun ɗauka ana yanka ƙofar wani da zarto. A Kaduna ta yanzu ba a wasa da motsin dare, don haka sun zo da shiri sosai. Na fito na yi musu bayanin makamashi mai tsafta, ina ɗaga murya don su ji ni. Shugabansu ya haska abin, ya haska ni, ya ce, "Malam, da ɓarayin ne ma da mun kore su mun huta."

Maƙwabcina na dama wani dattijo ne Kirista, mutumin kudancin jihar, kowa Baba yake ce masa. Ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙun Kakuri, a tsakiyar injinan saƙa, har aka rufe su. Can ya baro kunnuwansa. In za ka gaishe shi sai ka matso ka yi ihu, shi kuma ya amsa tambayar da ba ka yi ba. Da safe na ga ya dogaro sandarsa ya tsaya a ƙofata. Ya ce, "Ɗana, rabona da in ji wani abu cikin dare tun kafin a haifi jikokina. Jiya na ji. Na gode ƙwarai. Amma ya isa haka."

Ban karaya ba, ilimi na koma na ɗebo. Na riƙa tare mutane a bakin masallaci da wurin mai shayi ina gaya musu cewa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar injin iska a inda mutane ke zaune ta wuce desibel 45, alhali hirar mutum biyu ma tana kai 60. Na ce manyan injinan, duk da bakin fiffikensu yana tsaga iska da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, in ka ba su tazarar 'yan ɗaruruwan mita ba abin da za ka ji sai huci, fuu, fuu. Duk gaskiya ne. Abin da na tsallake shi ne tazarar. A jihar Bavariya ta Jamus har doka suka yi a 2014 cewa nisan injin da gidaje ya ninka tsawonsa sau goma. Nawa kuwa, in mai jegon bayan gidanmu ta miƙo muciya ta taga za ta taɓa shi. Don in rufe bakin kowa na sauko da manhajar auna ƙara a wayata. Na auna a ɗakina, na ga lamba. Na lallaɓa lungu na auna janareton mai ƙanƙara, na ga lambar da ba ta kai tawa ba. Na goge manhajar. Kayan kyauta ba su da inganci.

Na yi ta ɗura wa boris giris, ƙurar hunturu tana shanyewa. Sai na ci karo da wani labari da ya faranta mini rai: masu ƙera manyan fukafukai sun lura mujiya tana tashi ba a jin motsinta, saboda yadda gefen gashinta yake a tsattsage, sai suka riƙa yi wa gefen fukafukansu haƙora don rage ƙara. Na ce abin nema ya samu. Na hau tsani da zarto na yi wa nawa haƙora, manya-manya, don aikin ya fi na Turawa. A daren, ƙiii da cakal da gwaf duk suna nan ba wanda ya yi fashi, sai dai an samu ƙarin baƙo: wani dogon fito mai hawa da sauka, wuuu, wuuu, mai tayar da tsigar jiki. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cewa wani abu ya tare a kan rufina. Surukar mai jego ta turara gida da habbatus sauda, ta hana a fito da jariri ko tsakar gida. Liman ya aiko a tambaye ni ko ina karanta addu'ar kwanciya. A cocin da ke da benen nan aka yi addu'ar dare, na ji an ambaci layinmu. Shekara da shekaru manya suna kafa kwamitoci don Musulmi da Kiristan Kaduna su haɗa kai a kan abu guda. Ni na yi shi da zarto, ba ko sisin gwamnati.

Akwai kuma wani sirri da nake ɗauke da shi ni kaɗai. Batirin, maimakon ya cika, kullum ramewa yake yi. Duk daren da aka sha kiɗa, da safe sai in tarar ko ƙwan ba ya iya kunnawa. Sai na shiga saka shi a buhun shinkafa, in ɗaura a bayan babur da duku-duku, in kai shagon caji a wata unguwa inda ba a san ni ba, a cika shi da janareto, in dawo da shi bayan magariba in kunna fitila in buɗe labule don a gani. Wata asuba ina fitowa da buhun na yi kiciɓis da uwargida da buta a hannu. Ta dubi buhun ta dube ni. Ta ce, "Niƙa za ka kai?" Na ce eh. Ta ce, "To, a niƙo da laushi."

Ɗan ƙanwata da ke karatun lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ne ya zo hutu ya tona asirin, kuma a gaban mutane. Ya hau ya duba, ya sauko yana cije leɓe. Ya ce, "Kawu, altanetar mota sai ta yi juyi wajen dubu a minti kafin ta fara caji, naka ko kusa ba ya kaiwa. Kuma ita ba ta da maganaɗisun kanta, sai ta fara jan wuta daga batir. Injin nan ba ba da wuta yake yi ba, sha yake yi." Ya ci gaba, ba wanda ya tambaye shi. Wai ƙarfin da ke cikin iska ba a miƙe yake hawa ba, in gudunta ya ninka biyu ƙarfin sau takwas yake ninkawa, in ya ragu da rabi kuwa kashi ɗaya cikin takwas ya rage maka. Shi ya sa aka kai na Katsina fili fetal can arewa inda iska ta fi kaɗawa, aka ɗora su a kan turaku masu mita 55, ba a kawo su kwarin kogi tsakanin mangwaro da tanki ba. Wai ko injin da ya fi kowane kyau a duniya ba ya iya kwasar fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ta ratsa shi, wani Bajamushe Albert Betz ya lissafa haka tun wajen shekara ɗari da suka wuce. Ya rufe da cewa da kuɗin nan farantin sola na saya, da yanzu muna da fitila da fanka, kuma ko tari ba ya yi. Na ce masa sola kowa ma yana da ita, kuma wa yake ganinta daga titi? Na ƙara da cewa yaran yanzu ba su da kunya, na aike shi sayen kati.

Bazara ta zo ta cece ni. Iska ta ɗauke ɗif, zafi ya sauko, injin ya yi tsit, kowa ya samu barci in ban da zufa. Maƙwabta suka dawo amsa gaisuwata. Na bar su a kan cewa gyaran da na yi ne ya kama.

Sai hadarin farko. Wanda ya zauna a Kaduna ya san shi: gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta riga ruwa isowa, ledoji su tashi sama, ƙofofi su riƙa bugun kansu. Manyan injina in iska ta kai kimanin kilomita 90 a awa, da kansu suke karkatar da fukafukai su tsaya, irin na Rimi ma an yi su ne yadda za a iya kwantar da su ƙasa in guguwa ta taso. Nawa sai a lokacin ya samu abin da yake jira tun ranar biki. Fukafukan suka ɓace don gudu, kukan ya tashi daga ƙiii ya koma wani ruri da ban taɓa ji ba, gidan duka yana karkarwa. Sai ga ƙwan fitila ya kama da kansa, batir kuwa ba komai a cikinsa. Ya yi haske, ya ƙara, ya yi fari fat. Na daka tsalle ina ihu, "Zo ki gani! Zo ki zama shaida! Wutar iska ce, wallahi ta gaske ce!" Kafin ta ɗago kai daga ƙarƙashin filo, ƙwan ya yi tas ya tarwatse. Har gobe cewa take ita ba ta ga komai ba.

A cikin duhun nan ne maganar mai walda ta dawo mini. Birki. Na laluba ban samu wando ba, na ja zanen uwargida na ɗaura a kan singileti, na tsinke igiyar shanya na fita tsakar gida. Dabarata ita ce in wurga igiyar ta sarƙe fukafukan. Don kada iska ta ƙwace mini ita, sai na ɗaure ɗaya bakin a ƙugu, a kan ƙullin zanen. Jifan farko ya faɗo mini a ka. Na biyu ya kama. Injin ya naɗe igiyar cikin ƙiftawar ido, ya fizge ta, ta tafi da abin da aka ɗaure ta a kai. Daidai lokacin maƙwabta suka leƙo ta kan katanga da tocila, kowa yana son ya ga ƙarshen abin, sai suka ga fiye da abin da suka zo gani. Zanen yana can sama yana zagaye. Ni ina ƙasa na duƙa bayan turmi. Sai ƙau, fiffike mai nauyin ya ɓalle ya bi iska, saura biyun suka haukace, bututun ya yi gaba ya yi baya, ya tuna da katakon da na ɗaure shi da shi tamau, suka tafi tare, da su da fallen kwano biyu na saman gadonmu. Sannan ruwa ya sauko.

A falon mai ƙanƙara muka ƙarasa daren, ni da iyalina, ina sanye da jallabiyarsa da ta tsaya mini a gwiwa. Janaretonsa na aiki, fitila tar, matarsa ta dafa mana shayi. Bai ce mini komai ba, da ya zage ni ma da ya fi sauƙi. Sai da zai shiga ciki ya juyo ya ce, "Malam, in kashe injin ne, ko ba ya damunka?" Na ce ya bar shi saboda yara.

Da gari ya waye aka gano inda fiffiken ya sauka: akurkin Baba, a kan talo-talon da yake kiwo don Kirsimeti. Muka gurfana gaban mai unguwa. Na fara bayanin cewa iska ba ta da laifi, makamashi ne mai tsafta, har yanzu kuma a kan haka nake, ba hayaƙin da ya fito daga injina tun daga farko har ƙarshe. Mai unguwa ya ce ba iska aka kawo ƙara ba. Baba ya ce shi ba ya son rigima da ɗansa, a biya shi kuɗin tsuntsunsa kawai, amma farashin Disamba, tunda don Disamba yake kiwo. Na ce ai yanzu Afrilu muke. Wannan maganar bai ji ta ba, kunnen ya koma yadda yake. Na biya. Naman kuwa mushe ne a wurina, ko romo ba zan taɓa ba. Da rana jikarsa ta yi sallama da kwano a rufe, wai in ji Baba, ga shinkafa, an dafa ta daban ba nama, don an san addinina.

Ragowar injin ɗan gwangwan ya zo ya ɗora a sikeli. Na ce masa ya lura, wannan ba tarkace ba ne, na'ura ce. Ya ce, "Oga, ƙarfe kilo ne." Kuɗin bai ko shiga aljihuna ba, uwargida ta miƙo hannu ta bayana ta karɓe, ta ce a rubuta an fara biyan keke. Tiren ta ƙi sayarwa. Ta sa an buga shi ya ɗan miƙe, yanzu duk baƙon da na yi, musamman abokan aikina, a kansa take kawo ruwa, da hudojinsa huɗu, ta ajiye a tsakiya ta jira a tambaya.

Sunan ne dai ya zauna. Yara in sun gan ni sai su riƙa wulwula hannu suna wuuu, masu babur a bakin baifas in ka ce a kai ka gidan Injiniya ba sa tambayar wane. Kwanan baya mai ƙanƙara zai aurar da 'yarsa, aka kawo mini katin gayyata, na duba jerin manyan baƙi sai ga sunana na uku, an buga shi da ruwan zinare, da Injiniya a gabansa. Uwargida ta ce in je in sa a gyara tun ba a raba sauran ba. Na ce mata buga kati da tsada yanzu, ba zan jawo wa maƙwabci asara ba. Na roƙi ƙarin guda biyu, ɗaya na kai makaranta na manta shi a kan teburin shugaba.